Yana Barci, Tana Tuƙi

A da, ta bakina duniya take shiga gidanmu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tuƙa babbar mota, daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu, Yamai, Bamako, wani lokaci Lome ko Abijan. In na dawo Tamale, lokacin muna ɗakin haya a Aboabo, sai matata Hajiya ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki bayan la'asar, in zazzage tsaraba, in zazzage labari. Ita ba ta taɓa wuce Kumasi ba sai da ta je Makka, shi ma ta sama, ba ta ga komai a hanya ba sai gajimare. Teku ma ni na kawo mata shi, a cikin kwalbar lemo. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wanda ya dafa wannan miya ba shi da imani. Mun daɗe muna dariyar wannan magana.

Yanzu na ajiye tuƙi, mun koma ɗan gidan da muka gina a Choggu, kuma duniya ta daina jiran bakina. Ta cikin wata waya take shigowa, wadda faɗinta bai kai tafin hannuna ba. 'Yarmu da ke aikin jinya a Kumasi ce ta saya wa uwarta don sauraren wa'azi. Ban san yadda aka yi aka tashi daga wa'azi aka faɗa ruwa ba. Wata rana dai na dawo daga masallaci na tarar da Hajiya ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta ƙura mata ido, tsintar waken da take yi ta tsaya.

Ta ce, "Alhaji, zo ka yi aikin lada. Me wannan mai gemun yake cewa?"

Na leƙa. Wani Bature ne da matarsa a cikin ƙaramin jirgin ruwa, irin wanda iska ke turawa da babban farin ƙyalle. A cikinsa suke kwana, a cikinsa suke girki, ba su da gida a tudu ko ɗaki ɗaya. Suna ɗaukar bidiyon zamansu, suna sakawa kowane mako. Faransanci suke yi, ni kuwa na tsinci Faransanci a bakin iyakoki da garejin Abijan, kamar yadda na tsinci yaren Tiwi a Kumasi da yaren Mosi a Wagadugu. Hajiya Hausa take ji da Dagbani. Sai na gyara zama na zama tafinta, ina jin daɗi, don na ga har yanzu sai ta bakina za ta sha.

Ashe na yi wa kaina kishiyar sana'a ban sani ba. Kafin wata biyu ta gano wasu tashoshin: akwai ma'aurata masu Turanci da kyanwarsu, akwai wasu tsofaffi sa'anninmu da ba sa nisa da gaɓa. Amma na farkon nan su ne nata. "Mutanena" take ce musu. In sabon bidiyonsu ya fito, ko koko ne a kan wuta sai a sauke. In na fara, "Wata shekara a hanyar Bamako," sai ta ce, "To, Alhaji, riƙe Bamako tukuna, mutanena sun kusa isa tsibiri."

Ni ne ake ce wa riƙe tukuna. A kan tabarmar da a da ko tari ba a yi in ina magana.

Sai na shiga neman laifinsu. Na ce ƙullin igiyar mutumin nan ko buhun albasa ba zai riƙe daga nan zuwa Buipe ba, ni da na ɗaure tamfol ya kai Yamai bai motsa ba. Ta ce, "Amma ga shi ya riƙe jirgi." Na ce wannan ba tafiya ba ce, yawon banza ne, ba kaya suka ɗauko ba, ba wanda ke jiransu. Ta ce, "To ai shi ne daɗin." Ranar da suka nuna wata na'ura da ke mai da ruwan gishiri ruwan sha, ta dubi jarkokinmu rawaya da ke jere suna jiran ranar da famfo zai tuna da mu, ta yi ajiyar zuciya har sai da na ji kunya, kamar ni na hana ruwan zuwa.

Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, ni ma idona yana kansu. Na yi shekaru ina ganin teku ta ramukan wayar shingen tashar Tema, ina cikin layin motoci, takardu a hammata, rana tana dafa ni. Jirgin ruwa ɗaya na taɓa shiga, jirgin fito na Yeji, shi ma ina zaune a cikin motata na taka birki har muka ƙetare. Su kuwa teku ne tsakar gidansu. Ni kowace tafiya sai na tsaya a shinge fiye da yadda zan iya ƙirgawa, in sauko, in gai da wanda bai kai ɗana ba. Su iska kawai suke gaisarwa. Na zaga ƙasashe shida, amma ban taɓa zuwa ko'ina don ina so ba.

Daga nan na fara ha'inci a aikin tafinta, Allah ya yafe mini. In mutumin ya yabi matarsa, sai in ce, "Maganar iska yake yi." In ya ce ba don ita ba da ya daɗe da komawa tudu, sai in ce, "Ya ce man girkinsu ya kusa ƙarewa." Wata rana Hajiya ta tsayar da bidiyon da ɗan yatsa, ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, wace irin iska ce wannan da ke sa mace rufe fuska tana dariya?"

Na ce, "Iskar can daban take da tamu."

Ta ce, "Lallai. Allah ya kawo mana irinta Choggu."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke tuƙi. In za su yi doguwar tafiya, kwana da kwanaki ba tudu, jirgin ba ya tsayawa, don haka karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ya riƙe sitiyari na 'yan awoyi, ɗaya ya shiga ciki ya kwanta. A wani bidiyo, da rana tsaka, ruwa ya yi fushi, jirgin yana hawa yana sauka kamar mota a kan hanyar da ruwan sama ya cinye. Matar tana tsaye ita kaɗai, ta ɗaure ƙugunta da igiya, ruwa na marin fuskarta. Sai aka nuno mijin a ciki, ya dunƙule, baki buɗe, yana sharar barci kamar jariri.

Ni ban taɓa irin wannan barci a hanya ba. A sana'armu ba a ba da aron sitiyari. Barcina na hanya rabin ido ne, a ƙarƙashin mota, kunne ɗaya yana kan kaya. Da na ga mutumin nan ya miƙa ransa ga wani ya yi barci har da minshari, kishi ya kama ni. Amma da na buɗe baki, ba shi na faɗa ba.

Na ce, "Dubi ragon banza. Namiji ya kwanta ya bar mace da sitiyari a cikin wannan bala'i? A wurinmu ko mota ba za a ba shi ya wanke ba."

Hajiya ta bar bidiyon ya ci gaba. Can mutumin ya farka, ya hauro da kofin shayi biyu, ya zauna kusa da ita. Bai karɓi sitiyarin nan da nan ba. Sai da ta yi magana mai tsawo, tana nuna sama, tana nuna bayansu, tana nuna wata igiya, shi kuwa yana gyaɗa kai yana tambaya.

Ta ce, "Wannan fa? Kuma kada ka ce mini iska."

Wannan karon na fassara daidai. Na ce al'adarsu ce, wanda ya tashi daga barci ba ya karɓar tuƙi sai an faɗa masa duk abin da ya faru yana kwance. Ta gaya masa iska ta juya sau biyu, wani ƙaton jirgin kaya ya gifta ta hagu, igiya ɗaya ta fara cinyewa, kuma akwai lokacin da tsoro ya kama ta har ta kusa tashinsa.

Hajiya ta ce, "Har tsoron ta faɗa masa?"

Na ce, "Har shi."

Ta kife wayar a kan tabarma. Ta ce, "To kai da kake zaginsa, shekara talatin wa ka bar wa sitiyarin gidan nan? Kai ma ai kwanciya ka yi ka bar mace da ruwa. Bambancinku ɗaya ne. Shi in ya tashi yana tambaya."

Na ce, "Haba Hajiya, wace dawowa na yi ban tambaya ba?"

"Me kake cewa?"

"Na same ku lafiya."

"Ni kuma in ce me?"

Amsar ɗaya ce tun kakanninmu. Matafiyi ba a tarbarsa da mugun labari, sai ya sha ruwa ya huta. Lafiya lau. Dagomba ma duk gaisuwar da ka jefa musu da "naa" suke cafewa. Na sha zama a gidajen Asante a Kumasi ina sha'awar tsarinsu: a ba baƙo ruwa, ya faɗi yadda hanya ta kasance, sa'an nan masu gida su ma su jero abin da ya faru a bayansa, mai daɗi da marar daɗi. Har labarin wannan al'ada na taɓa ba Hajiya a kan tabarma, ina yabon hankalin mutanen. Ban lura ba ni rabin farko kawai nake yi a gidana. In na sha ruwa na huta, sai in buɗe bakina, ba na rufewa sai ranar komawa.

Ta janye hannun rigarta, ta nuna mini wani dogon tabo a damtsenta na hagu. Na san shi, na fi shekara ashirin da biyar ina ganinsa.

"Wannan na mene ne?"

Na ce, "Ba wuƙar girki ba ce?"

Ta yi wata 'yar dariya da ban ji daɗinta ba. Ta ce shekarar da na maƙale a Bamako mota ta lalace, guguwar farkon damina ta zo da yamma ta ɗage rufin ɗakinmu na Aboabo. 'Yarmu, wannan mai aikin jinyar, tana goye a bayanta da zazzaɓi. Kwano ɗaya ya rage yana lilo a kan gadon yara, ta kama shi da hannu don kada ya faɗo, shi ya yanke ta. Kwana tara suka yi a ɗakin wata maƙwabciya mai sayar da waken safe. Hajiya ce ta nemo kafinta, ita ta tsaya a kansa har ya buga ƙusa ta ƙarshe.

Na tuna dawowar. Na tuna na ɗaga kai na ga sabon kwano yana ƙyalli, na ce ashe mai gidan hayar nan ya fara jin tsoron Allah. Daga nan na zauna na ba su labarin kogin Bamako da masu wanki a bakinsa, har aka kira magariba. Hannunta yana naɗe da tsumma a lokacin, tana zuba mini shayi da ɗayan.

Kishin da nake yi da Bature mai gemu sai ya tashi ya koma kan mai waken safe, da kafinta, da duk mutanen layinmu na Aboabo. Kowa ya san abin da ya faru a ɗakina sai ni, ni da na san kowane rami daga Paga zuwa Wagadugu.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Ka bar wuri ne? Kuma labarin kogin yana da daɗi."

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa tabarmar da kaina. Na ce ta fara daga shekarar farko. Ta ce ashe yau za a yi ruwa da ƙanƙara, sa'an nan ta fara, kuma ba ta gama ba har yau, don ba ta da gaggawa, kuma tana da sharaɗi: ranar da mutanenta suka saki sabon bidiyo, babu ni babu tarihin gida, sai fassara, ita ma ba ragi. In mutumin ya yabi matarsa, haka nan nake maimaitawa da Hausa, kalma bayan kalma, ina kallon katanga. Hajiya takan ce, "Ƙara faɗa, ban ji ba."

Har yanzu ba na son mutumin nan. Ƙullinsa bai gyaru ba, kuma duk lokacin da aka nuno shi yana barci matarsa tana tuƙi, sai kishin nan ya taso mini, don shi ya gane tun yana da baƙin gemu, ni kuwa sai da nawa ya yi fari na san ana tambaya. Amma kujerar mai ba da labari ta bar hannuna, ba kuma za ta dawo ba. A kan tabarmar gidanmu yanzu Hajiya ce ke magana, ni nake saurare.