Gyaran da Inna Kulu Ta Yi wa Mutanen Turkiyya

Malam Abdussalam ɗan gidan malamai ne a wani ƙauye kusa da Shanono, inda gona ke manne da gona, ba a gane iyaka sai da jerin gamba. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a makarantar allo, ya kuwa sauke Alƙur'ani, amma boko ta ja shi har ya karanta harkar kasuwanci a jami'a. Da ya gama sai ya kama koyarwa a wata ƙaramar kwaleji da ke kan hanyar Bici, bai kuma bar ƙauye ba. Da damina yakan fara leƙa gona, ya wanke ƙafa, sannan ya hau babur ya tafi aji. Dogo ne siriri, mai saurin dariya. Idan bayani ya yi masa daɗi yakan manta da alli a hannunsa ya shafa gemu, ya fito daga aji kamar ya tsufa a lakca ɗaya.

A shekarun da aka rufe boda, annoba ta biyo baya, taki ya gagari manomi, sai ga sabon tsarin karatu ya iso kwalejin: dole a fara koyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa. Malamai suka yi ta kallon juna. Shugabar sashe, Dakta Asiya, ta san wanda ba ya iya cewa a'a, ta kira shi ofis.

"Malam, ka taɓa fita ƙasar waje?"

"Na je Maraɗi ɗaurin aure, ranki ya daɗe."

"To ai ka fi wasu. Kwas ɗin naka ne. Amma gwaji ne na zango ɗaya. Masu duba tsarin karatu za su zo a ƙarshensa, suna so su ga muna da hulɗa ta gaske da wata makaranta a ƙetare. In babu, za a soke shi."

Farkon abin bai yi armashi ba. Littafin da aka ba shi cike yake da labarin kamfanonin mota da manyan jiragen ruwa, ɗalibansa kuwa da yawansu a ƙafa suke zuwa saboda tsadar abin hawa, wasu ko koko ba su sha ba. Yana magana suna gyangyaɗi. Abin da ya fi damunsa shi ne, shi kansa ya kamu da son kwas ɗin. Yakan tsaya a gonarsa ya dubi riɗi, ya riƙa tunanin hanyar da ƙwayar nan take bi har ta faɗa bakin wanda bai san akwai Shanono a duniya ba.

Mafita ta zo ta hannun Tasi'u, abokinsa na ƙuruciya, dillalin riɗi a kasuwar Dawanau. Cikin masu sayen kaya a wurinsa akwai wani Baturke, 'yar'uwarsa kuma irin wannan kwas ɗin take koyarwa a can. Aka haɗa ta da Malam a waya, suka shirya: ɗaliban Malam za su aika samfurin riɗi da cikakkun takardu kamar 'yan kasuwa na gaske, nata ɗaliban su karɓa su duba kamar masu saye.

Daga ranar barci ya ƙare a ajin. Wata ɗaliba mai suna Zulaihatu ta karɓi aikin takardu, ta riƙe shi da tsanani har ana ce mata Hajiya Kwastan. Riɗin daga gonar Malam ya fito, sheƙa da tsinta kuwa aka ba Inna Kulu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta tsufa tana sayar da daddawa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Ta gyara shi tas, ko tsakuwa ɗaya babu. Aka kai kwaleji aka auna kilo biyar, Zulaihatu ta rubuta, Malam ya dawo da ƙullin gida don ya ɗinke shi, da niyyar washegari ya wuce da shi Kano.

Yana zaune a tsakar gida da allura da zare, Inna Kulu ta zo ta ɗaga ƙullin ta jinjina.

"Shi ke nan wannan? An auna shi cif?"

"Cif, Inna."

"Babu gyara?"

Ta dube shi kamar ya yi abin kunya a gaban baƙi. Ita tunda take, ba ta taɓa auna wa mutum abu ta miƙa masa ba tare da ta ɗan ƙara masa a kai ba, ko da kuwa daddawar miya ɗaya ya saya.

"Abdu, mutanen da ba su taɓa ganinmu ba, so kake su ce mu marowata ne? Buɗe min nan."

Ta cika tafi ta zuba, ta sake cikawa ta zuba. Ta shiga ɗaki ta fito da daddawa mai kyau a ƙunshe, ta cusa a gefe.

"Wannan tsarabar malamar ce. Ba mace ba ce? Ai tana miya."

Malam yana dariya yana riƙe mata bakin buhun. Ko kaɗan bai kawo komai a ransa ba. Ya ga an yi rigima a kan tauye mudu, amma bai taɓa ganin wanda aka kama da laifin ƙari ba. A ofishin aika kaya aka sa buhun a kwali, aka ɗora a sikeli, aka karɓa, ya kamo hanyar gida yana jin daɗi.

Ana saura kaɗan zango ya ƙare saƙo ya zo daga malamar. An tsare kayan a filin jirgi. Nauyin ya wuce abin da ke takarda, sannan an sami wani baƙin abu mai ƙarfin wari wanda ba a ambata ba, har sai da ma'aikata suka sa safar hannu kafin su taɓa shi. Tana neman bayani a gaban azuzuwan biyu.

Dakta Asiya ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Daddawa, Malam? Daddawa ka aika Turkiyya?"

"Tsaraba ce, ranki ya daɗe."

"To ka san abin da za ka faɗa musu, don masu dubawa suna hanya."

A aji Zulaihatu ta kusa kuka, don sunanta ne a ƙasan takardun. Ɗanliti, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ɗaga hannu.

"Malam, mu ce a hanya aka saka mana. Wa zai sani?"

"Daddawar da duk garinmu an san ƙamshinta?" in ji Malam. "A'a. Ni na riƙe bakin buhun, ni zan yi bayani."

Ranar ganawar aka tayar da janareto, aka jingina kwamfuta a bakin taga inda netwok ya fi kamawa. Malam ya miƙe da Turancinsa na aji, ya ce a garinsu wanda ya auna maka cif bai cuce ka ba, amma bai ce ka dawo ba. Ya ba su labarin Inna Kulu da tafin hannunta. Da ya zo kan daddawa ya rasa sunanta da Turanci, sai ya ce abin da ke sa miya ta zama miya ne.

Can aka yi tsit. Ɗanliti ya ce, "Malam, netwok ya gudu." Ashe bai gudu ba. Malamar ce ta rufe baki da hannu, sai kuma ajinta gaba ɗaya ya kece da dariya. Da ta samu numfashi ta ce ita ma mahaifiyarta ba ta barin baƙo ya fita hannu sake, amma ma'aikatan filin jirgi ba su san wannan ba, kuma kayan ƙona su za a yi. Ta ce a sake aiko wani. Ta kuma nemi ɗaliban azuzuwan biyu su haɗu su yi aiki ɗaya: yadda ɗan kasuwa zai kyautata wa abokin cinikinsa na wata ƙasa ba tare da kaya sun maƙale a hanya ba.

Saura Inna Kulu. Da ta ji labari ta ajiye faifai.

"Sun ƙona? Daddawar tawa? To su nemi mai yi musu sheƙa. Ni ba na awon marowata."

Malam ya yi lallashi har ya gaji, sannan dabara ta zo masa.

"Inna, ki auna, ki yi gyaranki yadda kike so. Bayan kin gama mu ɗora a sikeli, mu rubuta abin da ya nuna."

"In an rubuta ai ba gyara ba ne kuma."

"Su ba su sani ba. Ke kin sani, Allah ya sani."

Ta juya maganar a ranta, sannan ta jawo faifan da ƙafa. "Amma daddawa ba za su sake gani ba."

"Ai kin hukunta su, Inna."

Wannan karon Zulaihatu da kanta ta raka kwalin Kano, tana rungume da shi a mota, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ya isa lafiya. Da masu dubawa suka zo, sun tarar da aji cike, ɗaliban nan da na can suna musu ta kwamfuta a kan ko kyauta tana shiga takardar kaya. Suka zauna a bencin baya, ɗaya daga cikinsu har ya tsoma baki a musun.

Bayan sun tafi Dakta Asiya ta tare Malam a baranda.

"Kwas ya zauna. Kuma ɗaliban da suka nemi shiga a zango mai zuwa sun fi ƙarfin ajinka, sai babban ɗakin taro."

"Alhamdu lillahi. Amma ɗakin taron nan netwok ba ya kamawa, ranki ya daɗe."

"To ka je ka nemo tagar da yake kamawa."

Ya juya ya nufi ɗakin taron, yana ɗaga waya sama.