Wuƙar da Baba ya ƙera mini

Ni bahaguwa ce, kuma 'yar maƙeri. Har yau da na tsufa, in na dubi babban yatsana na dama sai raina ya ɓaci, domin tabo ne a kan tabo, samansa kuma ba ya jin zafi ba ya jin sanyi.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi aka kai ni gidan mijina a Tudun Wada. Babana yana Tudun Jukun, maƙerarsa na jikin zauren gidanmu. Duk matan yankin sun san wuƙarsa ta girki. Tsohon sifirin motar lodi yake saya, ya sara, ya buga har ya yi faɗi, ya tsoma a ruwa, sannan ya sa ƙota ta icen marke. Cikin kayan aurena ya sa mini guda, sabuwa fil, mata suna ta ɗagawa suna cewa 'yar maƙeri ta ji daɗi.

Tun ina ƙarama aka yi fama da ni a kan hagu. Cin abinci da miƙa abu na koma dama, don na sha rankwashi. Amma yanka ya ƙi. In na riƙe wuƙa da dama, hannun rawa yake yi.

Sana'ar gidan mijina busar da kuɓewa ce. Da kaka sai a kawo ta kwando-kwando, mu zauna mu yanka, a shanya a kan tabarmi, masu dafa wa ɗaliban makarantar unguwar Kongo abinci su zo su saya. A hannu ake yanka ta, ana jawo wuƙa wajen babban yatsa. Uwar mijina tana cika ƙwarya biyu ban cika ɗaya ba. Tawa wuƙar maimakon ta shiga kuɓewa sai ta zame, ta sauka a yatsan damana da ke riƙe da kuɓewar. Kullum da tsumma a ɗaure, kullum ana tsince wadda jini ya taɓa a zubar.

Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, da ma zagin ta yi. Sai dai in baƙi sun zo ta ce, “Amaryar tamu ba ta da hannu, sai haƙuri.” Shekara uku ina amsa wannan suna. A ta ukun yatsan ya kumbura ya yi ruwa, wanzami ya tsaga shi, daga nan aka ce in bar yanka in koma shara da wanke-wanke. Na yarda laifina ne. Wa zai ce wuƙar Baba ce?

Muna da maƙwabciya Ibo mai sayar da manja da garin rogo, takan shigo mu yi hira da 'yar Hausarta. Wata rana ta ari wuƙata za ta yanka albasa, ta dawo tana yabonta. Na ce ni kam ta ishe ni. Ta ce in yanka ta gani. Na yanka, ta zame. Sai ta karɓa ta ɗaga ta a rana, tana juyawa.

“Duba,” in ji ta, “nan gefe a miƙe, nan gefe an kwantar. Wannan na mai dama ne. Ke kina riƙe shi a baya-baya.”

Na duba. Haka Baba yake fitar da kaifi, gefe ɗaya kawai yake ci da magagari, shi ya sa wuƙarsa take shiga kuɓewa kamar tana neman hanya da kanta. A hagu kuwa wannan kwancin ne yake ture bakin waje. Ni da na girma ina jin ƙarar masaɓa, sai mai sayar da manja ce ta nuna mini.

Washegari na nemi izinin mijina na tafi gida. Na sami Baba a maƙera da ƙanensa, wanda yake masa zuga. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye wuƙar, na kwance tsumman yatsana.

“Baba, wuƙar nan ta mai dama ce.”

“Na sani,” ya ce, bai ko ɗago ba.

“Ka sani?”

“Ni na ƙera ta. Na ma ƙara mata kwanci. Na ce in ta ji wuya za ta koma dama. Mace a gidan mutane tana yanka abin da za a ci da hagu, me za a ce da ni?”

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Wato duk jinin da na zubar a ƙwaryar mutane, da sunan da aka laƙa mini, a nan aka zauna aka auna su da magagari. Na miƙa masa yatsan har gaban fuskarsa, na ce, “To ga abin da aka samu. Daman ce ta lalace, hagun tana nan.”

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce wa ƙanensa ya je kasuwa ya dubo gawayi, alhali ga buhu a jingine. Da ya fita, Baba ya saki asabarin ƙofa, ya nuna mini zugazugi da haɓa. Mace ba ta zuga, amma na zauna na zuga.

Ya sa guntun sifiri a wuta har ya yi ja, ya fitar, ya buga yadda na saba gani. Da aka zo fitar da kaifi sai ya gwada da dama, magagarin ya ƙi kwanciya a wancan gefen. Ya gwada sau biyu. Daga nan ya waiga ya dubi ƙofa, ya mayar da magagarin hannun hagu.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Hannun yana tafiya sumul, ba tsayawa, ba gyara, ya fi damansa sauri nesa ba kusa ba. Na saki zugazugin na zuba masa ido.

“Wata shida babana ya ɗaure mini hagun nan a jiki da igiya,” ya ce, yana ta gugar ƙarfe. “Ni na daina. Na ɗauka ke ma za ki daina.”

Ya tsoma wuƙar a ruwa, ya wasa, ya sa ƙota, ya naɗe a tsumma ya miƙo mini, ya ce kada in gaya wa kowa inda ta fito.

Da ita na yanka kuɓewar kakar da ta biyo, na cika ƙwarya kafin uwar mijina. Mutane kan so in ce tausayinsa ya kama ni a ranar. Ya ɗan kama ni. Amma da a ce bai san abin ba ne, da tuni na manta. Ya san shi a jikinsa, ya san yadda hannu yake ji in an hana shi, ya zauna ya yi wa 'yarsa da gangan. Na karɓi wuƙar da hannu biyu, na fita ban yi masa godiya ba, kuma har ya rasu bai tambaye ni dalili ba.