Fidda-sartsen Kaka

Tantabarun maƙwabta ne suka fara tashi gaba ɗaya, tun kunnena bai ji komai ba. Ina shanya a tsakar gidanmu a Yakasai, bayan la'asar, shekarar da na gama sakandare. Sai ƙarar bam ta iso. Gilashin tagar Baba ya tarwatse, kan katanga ya rufto a kan tukunyar fidda-sartsen Kaka, tsiron nan mara ganye da take ji da shi. Ban san na ji ciwo ba sai da silifas ɗina ya fara santsi. Gilashi ya shige min tafin ƙafa, ya karye a ciki.

Aka sa dokar hana fita. Asibiti ba nisa, amma wa zai kai ni? Kaka ta tono karyayyun rassan daga ƙasa, ta ɗiga min farin ruwansu a bakin ciwon. Ta ce tun tana yarinya da shi ake fitar da ƙaya da sartse. Na ce mata wannan fa gilashi ne.

"To ki faɗa masa," in ji ta. "Shi bai yi boko ba."

Gilashin bai fito ba. Ƙafa ta kumbura, ta yi sheƙi. Ni kuwa na karanta a makaranta abin da ake yi wa ƙafar da ta yi baƙi.

Don kada in yi ta kallonta, na dasa rabin rassan a gwangwanin madara, ina ba su ruwa safe da yamma. Tausayinsu nake ji. Kaka ta yi min faɗa, wai karyayyen reshe ba a ba shi ruwa, inuwa ake ajiye shi sai bakinsa ya bushe. Nata ta zube su a bayan randa, ko kallonsu ba ta ƙara yi ba. Kwana huɗu gindin rassan nawa ya yi laushi, ya fara wari. Na sunsuna gwangwanin, na sunsuna tsumman ƙafata, na kasa bambancewa. Ranar ban ci abinci ba.

Na Kaka daga baya sun yi saiwa, yanzu sun kai min ƙugu. Ni har yau murfin tukunya ya faɗi, sai in tsinci kaina a tsugune.

Rana ta biyar aka sassauta dokar. Baba ya ɗauke ni a babur, kowane shingen jami'an tsaro mu sauka, shi yana turawa, ni ina ɗingishi hannuwa a sama. Wata nas ta tsaga wurin, ta zaro gilashi kamar ƙwayar shinkafa, ta matse mugunya. Ana kiran azahar ta ɗago ta dube ni.

"Ƙafarki na nan, 'yan mata. Kin tsira."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ban ji komai a raina ba, gilashin taga kawai nake kallo, ina auna nisansa da gadon da nake kai.