Harafin Cikin Aljihu

Ni tela ne a Magaria. Shekarar da ƴata ta fari ta cika huɗu muka sa ta jardan, wato ajin ƙananan yara da ake zama kafin a shiga lakwal, makarantar boko, sosai. Ban taɓa damuwa da abin da ake yi a can ba, sai da wan matata ya zo mana daga Najeriya da ɗansa, sa'an ƴata. Bayan an ci tuwon rana ya tsayar da yaron a tsakar gida ya ce ya yi ƙirga da Ingilishi. Yaro ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya zubo har hamsin ba hutawa. Sai uban ya juya ya tambayi tawa me ta iya. Ta yi tunani sosai, ta ce ta iya kukan jaki. Kuma ta yi shi da kyau, har jakin maƙwabta ya amsa.

Kowa ya yi dariya ban da ni. Washegari na sayo ƙaramin allon lakwal da alli. Kowace safiya kafin in buɗe shago nakan zaunar da ita a tabarma, muna ƙirgar Faransanci, an, de, turwa. Da ta fara ƙi, sai na shigo da dabino. Cikin mako guda ta gane kan cinikin, ba ta buɗe baki sai ta ga dabino a hannuna. A haka muka kai ashirin da Faransanci.

Rubutu ne ya gagara. Takan damƙe allin kamar muciya, ta ja layi ya fita daga allon ya hau tabarma. In na ɗaga murya sai ta ce cikinta na ciwo. Daga nan allon ya fara ɓata. Na same shi a akurkin kaji, na same shi ƙarƙashin turmi. Kullum akuya ake ɗora wa laifi. Sai daga baya na ji cewa uwarta ce ke nuna mata wuraren ɓuya.

Na yanke cewa laifin jardan ne, domin ba ta dawo mana da komai sai waƙoƙi da laka a riga. Ran nan na sa babbar riga na tafi. Madam ɗin da ke koyar da su dattijuwa ce, ta kusa barin aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini ɗan bencin yara ta ce in zauna. Na zauna, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata, yara kusan talatin suna kallona.

Ta kira ƴata ta ce ta yi ƙirga. Yarinya ta kai ashirin, na gyara hula. Sai madam ta ajiye ƙwarya cike da gyaɗa ta ce ta ɗebo mata huɗu. Ƴata ta cika hannu biyu, ta zuba rabi a cinyar madam, ta fara ɓare sauran.

Madam ba ta yi dariya ba, amma na ga tana danne ta. Ta ce bakin yarinyar ya riga hannunta da hankalinta, kuma ba wani abin tsoro ba ne. Lakar da nake ƙorafi a kai ita ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe alli. Abin da take so yaro ya iya kafin ya bar ajinta shi ne ya jira layinsa, ya saurari labari har ƙarshe, ya faɗa in zai zaga, ya san huɗu a tafin hannunsa. Sannan ta tambaye ni shekara nawa na yi wurin maigidana kafin ya ba ni almakashi. Na ce biyu, ina guga da sa maɓalli.

"To, Malam tela, me ya hana shi ba ka shaddar mutane ranar farko?"

Na yunƙura in tashi in ba ta amsa a tsaye, wandona ya kece daga baya. Babbar riga ta rufa mini asiri, amma ƙarar ta riga ta fita. Ƴata ce ta fara sanar da ajin.

Ban bar wurin ba sai da madam ta ɗora mini aiki: duk Alhamis in kawo ƙyallayen da suka rage a shago, yara su riƙa ware ja da shuɗi, babba da ƙarami. Na daina karatun safe. Da yamma ƴata takan zo shago ta zura mini maɓallai a zare, tana ƙirga su da Hausa, in ta ɓata ta koma farko da kanta.

Ta shiga lakwal tana da shekara shida. Wata uku bayan haka, wata ranar Asabar, na fita sallar la'asar na bar farar shaddar wani ɗan kasuwar Waca a yanke a kan tebur. Da na dawo na tarar da harafin "a" ƙato, zagayayye, da ƴar wutsiyarsa, an rubuta da bik, wato biro, ja a gefen ƙyallen. Mai aikin tana tsaye tana jiran yabo.

Na ɗaga hannu zan yi faɗa, sai na sake duban harafin. Gaskiya ya yi kyau. Na juya yankan, na mai da wurin cikin aljihu, na ɗinke. Mutumin ya karɓi rigarsa ya yaba ɗinkin, ya hau mota ya koma Waca. Har yau in ya shigo gari yakan biyo shagona da rigar a jikinsa mu gaisa, kuma ban taɓa gaya masa ba.