Gwangwanin Geron Kawu Sajan

Duk wanda ya taɓa kiran Kawu Sajan a waya ya san ba a shiga magana da shi sai an ba da rahoton ruwa. Kana gama sallama zai ce, "Yaya ruwa a wajenku?" Kai kuma dole ka ce, "Ruwa ya yi gyara," yadda manoma ke gaisawa a gida da damina. To ni a Longsight nake zaune, cikin Manchester, inda wankin yara kan kwana uku a kan igiya bai bushe ba. Ran nan dai na gaji na ce, "Kawu, ruwan nan fa ba abin da ya gyara, shanya kawai ya ɓata min."

Can ya ce, "Kofur Hajara, sake amsawa."

Na ce, "Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Yanzu faɗi abin da ya sa kika kira."

Sunansa na yanka Iliyasu, ƙanin mahaifiyata ne, amma ban san wanda ya taɓa kiransa da shi a ƙasar nan ba. Tun yana saurayi ya shiga sojan Ingila, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana kula da sito, barguna da takalma da tantuna duk a hannunsa suke. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, lokacin nan da ake rufe ɗakunan karatu na unguwanni ana rage ma'aikata ko'ina, sai aka rage sojoji, sunansa ya fito a ciki. Da na kira in yi masa jaje cewa ya yi, "Wa ya ce miki korata aka yi? Sallamata suka yi da wuri don in kama damina."

Matarsa, Inna Rabi, ta riga ta rasu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ya yi 'yan watanni shi kaɗai a wani flat a Ladywood cikin Birmingham, hawa na tara, sai kawai muka ji ya kwashe kayansa ya koma wani ƙauye can gaba da Birmingham, wajen tsaunuka, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kowa ba sai tumaki. Ya kama ɗan gida da yankin fili a hannun wani tsohon manomi, Mista Evans, wanda Kawu bai taɓa kira da komai ba sai Maƙwabci. Da farko bas na zuwa ƙauyen sau biyu a sati. Daga baya hukumar yankin ta soke ta gaba ɗaya. Na ce, "Kawu, yanzu ta yaya mutane za su zo maka?" Ya ce, "An rage min baƙi marasa niyya."

Abin da ya kai shi can gwangwani ne. Tsohon gwangwanin madara, cike da irin gero na gonar mahaifinsa, wato kakana. Bayan rasuwar Kaka an sayar da gonar, aka gina gidan mai a kanta, kuma ba wanda ya ajiye irin sai Kawu. Yadda ya shigo da shi ƙasar nan ban tambaya ba, ku ma kada ku tambaya. Burinsa ɗaya ne: ya ga geron nan ya fid da kai a gonarsa, ya girbe, ya mayar wa gwangwanin abin da ya ɗiba. In irin ya ƙare, ya ƙare ke nan, babu inda za a samo wani.

Shekarar farko muka je masa, ni da maigidana Malam Nasiru, wajen ƙarshen hutun makaranta. Maƙwabci ya yi masa tayin tarakta, ya ƙi, da fartanya ya yi huɗarsa. Kai, ku zo ku ga kunyoyi! A miƙe sak, kamar an jera sojoji fareti. Sai dai babu komai a kansu.

Na ce, "Kawu, ina geron?"

"Yana cikin gwangwani."

"Ba ka shuka ba?"

"Babana bai taɓa shuka ba sai ruwan farko ya sauka bayan rani, ƙasa ta yi ƙamshi. Ruwan farko nake jira."

A daidai lokacin ruwa ake zubawa a kanmu, lemata har tana ɗiga. Malam Nasiru ya ɗaga kai sama, ya ce, "Kawu, wannan fa?"

Ko kallon saman bai yi ba. "Wannan ragowar na bara ne. Bai ɗauke ba tukuna, balle a san na bana."

Haka shekarar ta wuce, ko ƙwaya ɗaya bai sa a ƙasa ba.

Shekara ta biyu ya gane ranin nan ba zuwa zai yi da kansa ba. Da aka samu kwana uku a jere ba ruwa, sai ya kira ni ya ce, "A matsayina na babban jami'i a wurin nan, na ayyana rani. Gobe in an yi ruwa, shi ne na farko." Aka kuwa yi. Ya ɗauki sungumi ya shuka kashi ɗaya cikin uku na gwangwanin. Ya tsiro, gwanin sha'awa. Bayan sati biyu, ina haɗa wa yara karin kumallo, waya ta yi ƙara.

"Kofur, an kawo mana hari."

Na ce, "Innalillahi! Su wa, Kawu?"

"Wasu abubuwa ne kamar dodon-koɗi, amma ba su da ƙoƙo. Ko kaki babu a jikinsu."

Sun cinye rabin tsiron. Maƙwabci ya kawo masa maganin da ake barbaɗawa su mutu, Kawu ya mayar masa da abinsa, wai ba a kashe fursunan yaƙi. Kullum da safe sai ya bi kunya-kunya yana tsince su a bokiti, ya ɗauka ya tsallaka rafi da su, ya juye, ya yi musu kashedi. Washegari su dawo. Da suka gama da ragowar tsiron na ɗauka zan same shi cikin fushi, sai na ji yana cewa, "Ba taswira, ba takalmi, kuma kullum su iso kan lokaci. Da irinsu aka ba ni a bariki da na huta."

A shekara ta uku ne ya kira gayya, kuma da yawanku da ke karanta wannan kun je, kada wanda ya musa. Ya aika Manchester da Birmingham cewa duk ɗan Arewa mai ƙafa biyu ya hallara ranar Asabar. Aka cika motoci uku. Ɗalibai 'yan uni suka sauko da fararen takalma da wayoyi a hannu, suna cewa iskar wurin akwai daɗi. Kawu ya jera su a bakin gona, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba tafin hannu. Da ya kai ƙarshen layi ya ce, "Allah ya jiƙan iyayenku da suka yi noma."

Mu mata muna gefe muna dafa shinkafa da wake. Maman Grace, ma'aikaciyar jinya daga Ladywood, mutuniyar wajen Jos, ta gaji da kallon yadda wani mai digiri biyu ke riƙe fartanya kamar zai yi shara. Ta ɗaure zani a kan wandonta ta ce, "Ɗana, kawo nan kafin ka sare ƙafarka." Kafin su gama kunya ɗaya su shida, ta gama uku. Nan take Kawu ya ƙame ya sara mata, ya ce daga yau ita Manjo ce. Ni da nake yi masa dambun nama shekara da shekaru ina nan a kofur ɗina.

A ranar ne Dakta Bashir, wanda ke zaune a Hulme yana bincike kan aikin gona, ya ja shi gefe cikin ladabi. "Kawu, gero zafi yake so. A ƙasar nan sai an kafa masa rumfar leda, irin wadda ake noman tumatir a ciki."

"Dakta, babana ya noma geron nan shekara hamsin, bai taɓa sa masa riga ba."

"Amma Kawu, a can akwai rana."

"A nan ma akwai. Na gan ta ranar Talata."

Ya sauke Dakta zuwa kurtu, aka ci gaba da aiki. Geron ya tashi har gwiwa, sanyi ya sauko, ya koma ruwan ɗorawa ya kwanta. Da na je na tarar da Kawu ya buɗe gwangwanin yana leƙawa. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba. Ranar bai yi wa kowa tsiya ba, ni kuma na wanke masa tukwane.

Sai ga shekarar nan ta zafi, wadda ciyawa ta ƙone ko'ina har aka hana mutane ban ruwa da tiyo. Maƙwabci na ta zullumin abin da tumakinsa za su ci, Kawu kuwa yana yawo da hula a karkace yana cewa, "Ga shi nan, Turawa sun koyi rani." Ranar da ruwa ya sauka ƙasa ta yi ƙamshin nan na gida, ya juye gwangwanin kaf, har da bubbuga gindinsa. Geron ya tashi kamar ana jansa, ya wuce gwiwa, ya kai ƙirji, ya yi ciki.

A nan ne ciwon Kawu ya fito fili. Ashe ya daɗe yana ɓoyewa. Likitansa ya tura shi asibiti a Birmingham, suka riƙe shi. Yana kwance Maƙwabci ya kira ni, ya ce sanyi ya kusa sauka, in ba a rufe geron nan cikin sati ba, to a manta da shi, kuma yana da tsohuwar rumfar leda a ajiye. Na je asibiti na gaya wa Kawu. Ga robobi a hannunsa, murya da ƙyar, amma cewa ya yi, "A'a. Kuma umarni ne."

Wallahi ban taɓa saɓa masa ba tun ina yarinya. Na dawo gida na yi alwala, na yi raka'a biyu, na roƙi Allah in kuskure zan yi ya yafe min. Ranar Asabar Malam Nasiru da Dakta Bashir da Manjo Maman Grace da Maƙwabci suka kafa rumfar, ni ina riƙe musu igiya.

Bayan sati uku likitoci suka ce sun yi iya yinsu. Kawu ya ce a kai shi gona. Muna shan kwana ya hango ledar tana ƙyalli. Ya sauko daga mota a hankali, ya dogara sanda.

"Wa ya ba da umarni?"

Duk suka juyo suka kalle ni, har da maigidana, Allah ya saka masa.

"Ni ce, Kawu."

"Kofur ba ta ba da umarni."

Ya ɗaga ledar ya shiga. Muka tsaya a waje kamar masu jiran hukunci. Da abin ya yi tsawo na leƙa. Yana tsaye a tsakiya, geron ya fi shi tsayi, ya kamo zangarniya ɗaya da hannu biyu, bakinsa na motsi. Na saki ledar na koma inda nake.

Da ya fito ya dube mu ɗaya-ɗaya, ya dubi rumfar daga sama har ƙasa, ya ce, "An ɗaura ta a karkace." Sannan ya ce, "A shigar min da kujera."

A cikinta ya yini kullum har aka yi girbi. Zangarniya goma sha tara, shi ya murje su da hannunsa a kan faranti, suka kai rabin gwangwanin.

Daga nan na dawo da shi wurina a Longsight, don jiki ya ƙi. Ba abin da ke shiga cikinsa sai kunu. Na durƙusa gabansa na ce, "Kawu, bari in ɗebi ko cokali uku ne in dama maka, ka ɗanɗana geron babanka."

"Ba a cin iri."

"Cokali uku fa, Kawu."

"Hajara." Rabon da ya kira ni ba kofur har na manta. "Ba a cin iri."

Washegari na hau bas na sayo gero a shagon Stockport Road, na jiƙa, na niƙa, na dama masa da tsamiya, na kai masa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya dube ni ta saman kofin. Ya nuna gwangwanin da ke kan taga, na miƙo masa. Ya ɗaga shi a tafin hannu yana auna nauyi, ya karkaɗa a gefen kunne.

"Wannan kunun na ina ne?"

"Na shago ne, Kawu."

"Madalla. Da kin taɓa wannan da a gadurum za ki kwana." Ya shanye tas, ya miƙo kofin. "Tsamiyar ta yi kaɗan."

A ranar ya sa aka raba irin biyu: rabi a kai wa Maƙwabci, tunda shi ke da rumfa, rabi a ba duk mai tafiya gida ya kai wa ɗan yayansa da ke noma har yanzu. Bayan kwana tara ya cika, da hantsi, Malam Nasiru na karanta masa Yasin. Geron da ya yi shekara huɗu yana bi, ko ƙwaya ɗaya bai kai bakinsa ba.

Ya Allah, ga bawanka Iliyasu nan ya zo maka. Taurin kai ne da shi, amma amana bai taɓa ci ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da Inna Rabi da iyayensa a Aljanna, ka shayar da shi daga abin da ya fi wanda ya bar wa wasu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.