Na Yafe Sammacin Da Ba Ni Na Rubuta Ba

Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri. A shekarun nan na kafin mulkin kai, tun ofisoshin Kaduna na cike da Turawa, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, tela, na baro Zariya na kama rumfa a Doka. Yawancin ɗinkina kaki ne na masinjoji da ƙananan ma'aikata, kuma da ragowar yadin na ɗinka wa kaina riga da wando. Ga ni dogo, baƙi, da wushirya, da bille a kumatun hagu, ga keke da na saya na hannu. Ban san cewa a garin akwai wani bawan Allah mai wannan siffa sak ba, kuma shi duba-gari ne, wato ma'aikacin tsafta mai shiga gidaje yana leƙa randa da masai.

Yaran yanzu ba za su gane yadda ake tsoron duba-gari a lokacin ba. In ya leƙa randarki ya ga tsutsar sauro, takarda kawai zai rubuta, sai gaban alƙali. To, sai na fara lura in na shiga kasuwa mutane na buɗe mini hanya. Mahauci ya hau kore ƙuda da sauri, mai tuwo ta rufe kwano, dattijo sa'an mahaifina ya cire hannu daga aljihu yana ce mini ranka ya daɗe. Da farko nakan yi dariya in ce ni tela ne. Amma wallahi girma yana da daɗi, musamman ga wanda ya saba a tsaya masa a ka ana zaginsa kan ɗinkin Salla. Sannu a hankali na daina gyara wa kowa. Ban taɓa buɗe baki na ce ni ne duba-gari ba, kuma da wannan na riƙa lallashin zuciyata. Sai dai in sha kunu, in tura keke a hankali, in amsa gaisuwa da ka. In mahauci ya ƙara mini tsoka biyu, in karɓa in wuce.

Wata Talata da hantsi na je sayen zare, sai wata tsohuwa mai sayar da kunun tsamiya a bakin kasuwa ta taso ta riƙe mini kan keke. Ta durƙusa a ƙasa, mace sa'ar kakata, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda duk ta yamutse. Ta ce jiya na shiga gidanta na ga tsutsa a randar bayan ɗaki, wadda ba ma da ita take dama kunu ba, na ba ta sammaci ta zo kotu ranar Alhamis. Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa taka ƙofar alƙali ba, in dubi girman Allah in rufa mata asiri. Mutane suka taru, kowa na sa baki yana ba ni haƙuri. Nan ne ya kamata in ce, Iya, ba ni ba ne. Ina! Kaina ya riga ya kumbura. Na dubi taron nan, na ga yadda ake jiran abin da zai fito daga bakina, sai na ce mata ta tashi, na yafe, kada ta sake. Ta yi ta sa mini albarka har da hawaye, ta cika mini ƙoƙo da kunu, ni kuma, don rashin kunya, na tsaya na shanye.

Alhamis ta zo ta wuce, tsohuwa ba ta je kotu ba, tunda an yafe mata. Bayan kwana biyu aka aiko ɗan sanda ya tasa ta gaba daga bakin kasuwa, tana tafe mutane na kallo. Labari ya same ni a rumfa, daga bakin wani mai kawo ɗinki da ke mamakin mugun halin duba-gari, mutumin da zai yafe a gaban jama'a sannan ya aiko a kama. Na ajiye almakashi na hau keke. A bakin kotu na tsaya, bayan taga, na sa hannu na rufe billena. A ranar na fara ganin mai kama da ni, kuma na ji tsoro, don kamar na leƙa madubi. Tsohuwa ta rantse cewa shi da bakinsa ya ce ya yafe. Shi kuma ya rantse bai sake ganinta ba tun ranar da ya ba ta takarda. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Mutanen da suka ba ni haƙuri a kasuwa babu wanda ya zo shaida, kowa na tsoron randarsa. Alƙali ya yi mata faɗa sosai, ya ce abin kunya ne mai furfura ta yi wa ma'aikaci ƙarya. Taku biyar ne tsakanina da ƙofa. Na tuna kurkuku, na tuna rumfata, sai na juya keke na gudu.

Tarar da aka ci ta ba wani abu ba ce, 'yan'uwa sun biya. Sunan ne ya ɓaci. Aka riƙa nuna ta ana cewa ga mai kunun tsutsa da ta yi rantsuwar ƙarya, ciniki ya mutu, ta daina fitowa. Ni kuwa na cusa kakina a ƙasan akwati, na koma sa 'yar shara, na canza hanya. Amma ko kunu aka miƙo mini sai in mayar da shi.

Sai da aka yi wata bakwai na iya neman gidanta, can wajen Mando, inda ta koma wurin 'yarta. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Tana ganina ta kau da kai, ta ce me kuma na zo dubawa. Na tsuguna na faɗa mata komai, cewa ni tela ne, ni na ce na yafe, kuma ina bayan taga ranar shari'a. Na zaci za ta yi ihu ta tara mini jama'a, kuma da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ta daɗe tana duban fuskata. Sannan ta ce nata ta yafe, duniya ce. Amma wata bakwai ke nan, bayan kowace salla, tana yi wa wancan bawan Allah Allah-ya-isa a kan abin da bai aikata ba, to wannan wa zai ɗauke mata? Ta ce in tashi in nemo shi in faɗa masa. Na neme shi, aka ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani lardi, kuma ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Yau na tsufa, billen ma ya ɓace cikin tamoji, babu mai ɗaukata a matsayin kowa. Abin da na koya shi ne shiru ma ƙarya ne, in ka san abin da ake zato kuma kana cin moriyarsa. Ina roƙon masu karatu, musamman samari, in aka gaishe ka da girman da ba naka ba, ka mayar da shi nan take, tun yana abin dariya. Ni na riƙe nawa har wata tsohuwa ta durƙusa mini a kasuwa, kuma har gobe ban isar da saƙon da ta aike ni ba.