Shekara Tara Babu Yaya Rakiya, Rafin Kanya Ya Zama Kwata

A wannan watan yayata Rakiya ta cika shekara tara da rasuwa. Ran Juma'ar da ta wuce na tafi garinmu, can ƙasar Sandamu, muka haɗu da 'ya'yanta muka yi mata addu'a. Da aka shafa fatiha sai na ce bari in taka zuwa Rafin Kanya, tunda rabona da shi an jima. Ban kai bakinsa ba wari ya tare ni. Na tsaya a kan gada na toshe hanci da hannun riga ina kallo: baƙin ruwa kwance ba ya motsi, mai yana ƙyalli a samansa, ledoji sun cika gefe da gefe, ga mushen akuya ya kumbura. Can ƙasa kaɗan wani mai lambu ya tsuguna yana tsoma latas a ciki yana girgizawa, yana jerawa a kwando zai kai kasuwar Daura. Na samu wani dutse a gefe na zauna.

Ga wanda bai san Yaya Rakiya ba, duba-gari ce. A zamaninta mata ba su cika yin wannan aiki ba, shi ya sa ta yi suna, domin tana shiga inda abokan aikinta maza ba sa shiga. Takan yi sallama ta wuce har tsakar gida, ta buɗe randa ta leƙa, ta duba makwarara da bakin masai. Ba ta da tsawa, amma in ta dubi moɗa mai datti ta dubi matar gida, matar ba ta sake bari a gan ta haka. Yara kan ruga su sanar in sun hango farin hijabinta da jakarta ta fata, nan da nan ka ji tsintsiya tana aiki ta ko'ina.

Rafin Kanya kuwa a lokacin shi ne rayuwar garin. Da damina yana gudu, da rani yakan janye ya bar yashi fari tas, kana haƙa kamu biyu ruwa zai tsatso mai sanyi. Daga nan mata ke ɗiba in rijiyoyi sun yi ƙasa, da shi masu lambu ke ban-ruwan albasa da tumatir, nan kuma Fulanin rugagen gabas ke shayar da shanu.

Ana nan sai wani attajiri, wanda zan sakaya sunansa in ce masa Alhaji kawai, ya sayi fili a saman rafin, daidai inda hanyar manyan motoci ta ratsa. Ya kafa wurin wanke tireloli da juyen baƙin mai, ya sa aka haƙa kwata ta miƙe sak zuwa cikin rafin. Mutane suka yi murna, aka ce samari sun samu aiki, kuma gaskiya ne sun samu. Ba a yi rani biyu ba mata suka fara cewa ruwan yashi yana warin gas. Masu lambu suka ga ganyen albasa yana ƙonewa daga baki. Sai Ardo Bello, shugaban rugagen, ya zo gidan Yaya da kansa ya faɗa mata shanunsa suna kai baki su ɗaga kai, waɗanda ƙishi ya sa suka sha kuma suna zawo, biyu sun yi ɓari.

Yaya ta je ta gani, ta rubuta wa Alhaji takardar gargaɗi, ta ce ya haƙa ramin tara baƙin man ya daina sakinsa a rafi. Abin da doka ta ce ke nan, kuma ba abin da zai gagare shi ba ne. Bai kula ba. Ta sake rubutawa, aka ce mata ya yi tafiya. Da ƙorafi ya yi yawa dagaci ya kira zama a zaurensa, aka tara liman da masu lambu da Ardo da Alhaji. Ni ma ina wurin.

Alhaji ya daɗe yana magana. Ya lissafa alherin da ya yi wa garin, ya ce ruwa mai gudu yana wanke kansa, ya ce hassada ce kawai. Yaya tana daga bakin ƙofa a zaune ba ta katse shi ba. Da aka kira la'asar mutane suka fara miƙewa, sai ta jawo buta daga jakarta, ta je ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Alhaji, ga ruwan alwala. Da hantsi na ɗebo shi a rafi, ƙasa da wurinka."

Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya sansana. Ta juya wajen liman cikin ladabi ta tambaye shi hukuncin ruwan da launinsa da ƙanshinsa suka sauya. Liman ya sunkuyar da kai ya ce ba a alwala da shi.

"To ruwan da bai isa a wanke fuska a tsaya gaban Allah ba," in ji ta, "shi 'ya'yan mutane suke sha."

Washegari ta je da abokan aikinta suka rufe wurin, suka manna takarda a ƙofa.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma shekara da shekaru ina kauce wa faɗinsa. Matata 'yar ƙanin Alhaji ce. Surukaina suka kira ni suka ce yayata ta kunyata babbansu a bainar jama'a, in je in ja mata kunne tun zumunci bai lalace ba. Na je. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na yi ta kewaye-kewaye, na ce ta sassauta, na ce ita mace ce ba za ta iya da manyan mutane ba, har na ce rafin ai ba na gidanmu ba ne. Ta ajiye rariya ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Sule, kai malamin makaranta ne. Gobe in ka shiga aji me za ka koya wa yara a kan tsabta?" Daga nan ta zuba min fura, ta tambayi lafiyar iyalina. Na sha na fito, ban iya haɗa ido da ita ba.

Ba a yi mako biyu ba takarda ta fito daga wajen manyanta a ofis. Aka mayar da ita wani ƙauye can bakin iyaka, wajen Mai'adua, aka ce ana bukatar ƙwarewarta a can. Ranar da ta kama hanya, a ranar aka yage takardar da ta manna aka ci gaba da wanke motoci. Shekara huɗu ta yi tana hawa bayan babur a kan hanyar da ko jaki yana jin ta a jikinsa, ba ta taɓa neman a dawo da ita ba. A can ma randuna take buɗewa. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita daga baya, ta yi jinyar wata biyar Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce canjin wurin aiki ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma zan ce an wulaƙanta ta a kan gaskiya, kuma da bakina a ciki.

Na zauna a kan dutsen nan ran Juma'a ina tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. A zamaninta mutum ɗaya ne ke ɓata rafin. Yanzu masu wankin mota sun zama jeri. Mahauta sun ga ba a hana kowa ba, su ma suka juyo da jini da kashin tumbi. Masu tifa sun kwashe yashin da ke tace ruwan, sun bar ramuka da yara ke faɗawa da damina. Masu feshi suna wanke tankunansu na maganin ciyawa a ciki. Mu kuma mutanen gari, da muke ɗora laifi a kan masu kuɗi, mu ne muke aika shara a baro a juye a ƙarƙashin gada. Ardo Bello ya daɗe da kwashe shanunsa ya yi arewa. Matan da ke haƙa yashi kyauta yanzu sai sun jira mai kura, wadda ba ta da hali kuma ta koma wa wancan baƙin ruwan, ta tace da ɗankwali ta ce Allah ya tsare.

Abin da ya fi ba ni ƙyama ba warin ba ne. Bara aka yi taron tsabtace muhalli a filin makarantar garin, aka kafa rumfuna, aka raba riguna da huluna, aka yi jawabai a kan muhimmancin ruwa. Babban ɗan Alhaji, wanda ya gaji wurin wankin, shi aka ɗora a kujerar babban baƙo, har aka ba shi lambar yabo. An ambaci sunan Yaya a wurin, aka ce jaruma ce, aka yi mata tafi. Wasu daga cikin masu tafin sun sa hannu a takardar ƙorafin da ta jawo aka ɗauke ta daga garin. Da aka watse, ledojin ruwan da aka sha a taron aka share aka zuba a rafi. Na ga wannan da idona, kuma a ranar ma ban ce komai ba.

Dokokin tsabta duk suna nan a rubuce, ba a soke ko ɗaya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai yarda a ɓata da shi saboda su.

Da na tashi daga bakin rafin ban koma gida ba, na nemi gidan Malama Saude, wadda ta koyi aiki a hannun Yaya, ita ce duba-garin yankin yanzu. Na je ne da niyyar in yi mata faɗa, in tambaye ta ko hancinta ya toshe. Ta bar ni na gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani fayil da ya tsufa. Takardun gargaɗi ne da rahotanni, shekara bayan shekara, kowanne da sa hannunta, babu wanda aka amsa mata. An taɓa yi mata barazanar canjin wuri har sau biyu. Na tambaye ta me ya sa take ci gaba da wahalar da kanta.

"Malam Sule, Yaya ba ta taɓa ce mana za mu yi nasara ba," in ji ta. "Cewa ta yi kada ranar gobe a ce ba wanda ya faɗa."

Ta ce abin da kullum ake kare kai da shi a ofis shi ne mutanen gari ba su kawo ƙara ba, ita kaɗai ke surutu. Ta daɗe tana neman wanda zai fara sa suna a takardar koke, kowa sai ya ce a fara da wani.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba, rafin da ta yi faɗa a kansa ma ba ta cece shi ba. Abin da ta bari shi ne mace guda da ta ƙi gajiya da rubutu, da kunya a zuciyar ƙaninta wadda shekara tara ba ta goge ba. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga ruwan da ba ya gurɓata.

Na karɓi biro a hannun Malama Saude na rubuta sunana a layin farko, da sunan mahaifinmu, da unguwarmu, yadda duk wanda ya karanta zai san ko ni wane ne.